Butar Yaya Haruna

Shekara tara ke nan da risho ya fashe a teburin shayinmu a Mpape, ya kashe yayana Haruna. Ni na tsira da rabin fuska da hannu ɗaya mai aiki.

Yaya ba ya sayen kananzir sai ya gwada. Buta ɗaya yake ɗorawa, ruwa iya wuyanta. Sai ya auna kananzir da gwangwanin madara, ya zuba a busasshen risho, ya kunna, ya tsaya yana kallo. Wanda ya fi saurin tafasa ruwa shi ne mai ƙarfi. Matan unguwa har aikowa suke a tambaye shi na wa za su saya.

Ranar da abin ya faru, wani baƙo ne ya kawo jarka. Butar ta tafasa ban gama yanka burodi ba. Yaya ya yi dariya ya ce, "Sale, yau mun samu na gaskiya." Da hantsi ya zo ƙara wa rishon mai tun rishon bai huce ba. Ashe da fetur a ciki.

A asibiti na kwanta kusa da wani mai aikin gwajin mai. Ya ce su ma kusan haka suke yi. Sukan ƙona ɗan kaɗan a rufaffiyar tukunyar ƙarfe da ke nutse cikin ruwa, su duba yadda ruwan ya ɗumama. Amma ya ce wannan zafi kawai yake nunawa, kuma zafin fetur da na kananzir ba su da nisa. Saurin kama wuta gwajinsa daban ne. Fetur ba ya jiran ashana, tururinsa ke tashi ya tarbi wuta. Wannan kuwa buta ba ta ganinsa.

Yau kananzir ya yi tsada, a robar ruwan sha ake sayar da shi bakin hanya, ba wanda ya san hannu nawa ya bi. Da Yaya na raye, ban san ko zai ajiye butar ba. Mutum ne mai yarda da idonsa.

Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji mutane. Ɗansa Sadiƙu ya girma, ya karɓi teburin, ya karɓi gwajin. Na faɗa masa abin da na ji a asibiti. Ya ce, "Baffa, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu. Na Baba tsautsayi ne." Matan sun dawo suna tambayarsa na wa za su saya.

Yaya bai taɓa cutar kowa ba. Gaskiyarsa ce ta sa har yau ake bin gwajinsa, ita ce kuma ke hana ni sakewa. Allah Ya jiƙansa.

Ina nan Mpape. Kullum da safe ina zaune bayan Sadiƙu, bokitin yashi tsakanin ƙafafuna.