Ranar da Baba Ya Ji Muna Rabon Gado

Duk tsawon ran da Allah Zai ba ni, ba na jin zan manta da abin da ya faru a gidanmu a wani rani, can wajen ƙarshen shekarun dubu biyu, lokacin ina karatun kwamfuta a Kano. Har yau idan na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, ko da yake da farko babu wanda abin ya ba dariya.

Mu biyu ne daga gidanmu a makarantar, ni da ɗan uwana, ɗan Baffa ƙanin mahaifina. Gida ɗaya muka tashi a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, kuma ajinmu ɗaya. Baba da Baffa gonarsu ɗaya ce a bakin kanal ɗin ban ruwa, tun ta kakanmu, ba su taɓa raba ta ba.

Da za mu tafi hutu, malaminmu ya ba mu aikin da ya ce shi zai raba mai wucewa da mai maimaita shekara. Ya ce mu tsara manhajar da za ta jera bidiyoyi, yadda mutum zai shiga ta intanet ya zaɓi abin da yake so ya kalla nan take, ba kaset ba faifai. Muka yi ta kallon juna, domin a lokacin idan ka je shagon intanet, kafin hoto ɗaya ya buɗe ka gama shan lemo. Shi kuwa ya ce zamanin na nan tafe.

Matakin farko shi ne tsara rukunoni. Akwai babban rukuni mai ɗauke da abin da kowane bidiyo yake da shi, kamar suna da tsawonsa. A ƙarƙashinsa akwai ƙanana: fim, waƙa, wa'azi, wasan ƙwallo. Kowane ƙarami yana ɗaukar duk abin da ke cikin babban, sannan ya ƙara nasa. A ilimin kwamfuta, gado ake kiran wannan. Mu kuma don sauƙin magana sai muka riƙa ce wa babban uba, ƙananan kuma 'ya'ya.

A daminar da ta wuce Baba ya sha jinya sosai, har an kwantar da shi a asibiti. Ya warware, amma ƙarfinsa bai dawo ba, sai dai ya zo gona ya kishingiɗa a inuwa yana kallon masu tsinkar tumatir. Wata rana bayan azahar muna cikin bukkar gona ni da ɗan uwana, mun baje takardun zanenmu muna gardama. Ashe Baba na bayan zanar bukkar a kan tabarma, ba mu sani ba.

Na ce, "Ni fa a ganina uban nan shi ne matsalarmu. Ya riƙe komai, ya hana 'ya'yan sakat."

Ɗan uwana ya ce, "To ai ba yadda za su yi, sai abin da suka gada."

"Shi ya sa na ce mu raba tun yanzu, kowane ɗa ya ɗauki nasa."

"Ko kuma mu kawar da tsohon gaba ɗaya mu huta, mu sake sabon lissafi."

Uban da ke cikin tsohon zanenmu yake nufi. Muka yi dariya, muka tattara takardu muka tafi taya loda kwanduna a mota.

Tun daga yammacin nan Baba ya sauya. Mutumin da ba ka gaishe shi ka tashi bai tsokane ka ba, sai ga shi yana amsa gaisuwa da "lafiya" kawai yana kallon gefe. Ya daina cin tuwo tare da mu. Inna ta tambaye ni ko na yi masa wani laifi, na rantse mata ban san komai ba. Hankalina ya tashi, na ɗauka ciwon ne yake son dawowa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka kira mu zaure. Muka tarar da Baba da Baffa, ga kuma Goggo, yayarsu, an ɗauko ta takanas daga Madobi. Da na ga Goggo na san magana ta girma. Muka durƙusa muka gaishe su.

Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, ga su nan. Na sa su a makaranta don su zama mutane, ashe lissafin mutuwata suke yi. Da kunnena na ji. Wai na riƙe komai, wai a kawar da tsoho a huta. Idan gona suke so, a raba yau, ina raye."

Ni dai ina ta laluben inda muka taɓa faɗin haka. Ɗan uwana ne ya riga ni ganewa, sai kawai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Wannan dariya ta kusa jawo mana bala'i, don Baffa ya miƙe tsaye yana cewa, "Au, dariya ma kake yi, ɗan banza?"

Na yi wuf na ce, "Baba, Allah Ya huci zuciyarka. Wallahi ba kai ba ne. Aikin makaranta ne. A ba ni izini in ɗauko a gani."

Goggo ta ce, "Je ka ɗauko. Yau sai na ga uban da ake kawarwa a makaranta."

Na dawo da takardun da kwamfutar da muka aro. Na shimfiɗa zanen a gabansu, na nuna akwatin da ke sama na ce wannan shi ne uban, sunansa bidiyo. Na nuna na ƙasa na ce ga 'ya'yansa. Na yi ta bayani ina gumi, ina neman kalmomin Hausa da ban taɓa damuwa da nemansu ba. Baba ya saka tabarau ya sunkuyo.

"Yanzu wannan akwatin ne tsohon?"

"Shi ne, Baba."

"Shi ne ya riƙe komai?"

"Shi ne."

Ya daɗe yana kallon takardar, sai na ga kafaɗunsa sun fara motsi. Can ya saki dariya har da hawaye, Baffa ya koma ya zauna yana salati. Goggo kuwa cewa take an sa ta baro shanyar shinkafarta saboda akwati.

Da hankali ya kwanta sai ta ce in karanta mata abin da ke cikin uban. Na karanta: suna, tsawo, shekara, jarumi, jaruma. Ta ce, "Kuma ka ce duk 'ya'yan sai sun gada? Har wa'azin?" Na ce haka ne. Ta tafa hannu ta ce, "To malamin da ke wa'azi wace ce jarumarsa?"

Zauren ya sake kaurewa da dariya. Ni da ɗan uwana muka kalli juna. Wannan ita ce ainihin gardamar da muka kasa warwarewa a bukka. Mun san uban ya yi nauyi, amma ba mu gano me ya kamata a sauke masa ba. A nan zauren muka mayar da jarumi da jaruma cikin fim, muka bar wa uban abin da kowa ke tarayya a kai kawai. Baffa ya ce a ƙara rukunin bidiyon biki, tunda kowane gida akwai shi. Baba ya ce in dai ana ƙarawa, a sa na koyar da noma. Duka muka sa. Daga nan ya aika aka kawo fura, ya ce mu matso mu sha tare.

Da muka koma makaranta, malamin ya yi ta juya zanenmu yana jefo mana tambayoyi, muna amsawa ba gargada. Wanda ya sha tambayoyin Goggo, na malami ba sa ba shi tsoro. Mun wuce da sakamako mai kyau, har ya ce mu tsaya gaban aji mu yi wa sauran bayani.

Abin da na koya bai tsaya ga kwamfuta ba. Na gane cewa mun ɗauki shekaru muna karatu iyayenmu na ɗawainiya, ba mu taɓa zama mun faɗa musu me muke koyo ba, muna ganin ba za su gane ba. Ashe za su gane sarai, mu ne ba mu iya faɗa ba. Tun daga ranar, duk aikin da nake yi sai na zauna na bayyana shi a gida da harshen da aka rene ni da shi. Idan na kasa, na san ni ma ban gama fahimtarsa ba.