Tagar Tsakiya

Da na dawo Haɗeja bayan rasuwar mijina, abin da na zo da shi 'ya ce 'yar shekara bakwai da akwati guda. Yayan mijina, manomin shinkafa a Auyo, ya zo gaisuwa ya faɗa mini a fili cewa idan aka gama girbi bai ga abin da nake ciyar da yarinyar da shi ba, zai tafi da ita. Ban yi musu ba, don dangin uba ne.

Na yi aikatau a Jidda, na zauna a Khartum da Injamena, kuma abu ɗaya na iya fiye da kowa: wanke gilashi. A Jidda uwar gida takan bi taga da yatsa tana neman laifi. A garinmu kuwa mace za ta wanke tukunya har ka ga fuskarka a ciki, amma tagar ɗakinta tun da magini ya kafa ta ba wanda ya taɓa. Lokacin dillalan shinkafa sun fara gina benaye masu manyan gilasai, ƙwarin kogi suna mutuwa a jikinsu, damina tana ƙara musu laka.

Na yi ta sallama gida-gida da bokiti, da lemun tsami, da tsohuwar atamfa. Dariya kawai aka yi ta yi mini. Wata Hajiya, matar babban dillali, ta ce ruwan sama na yi musu wannan aikin kyauta. Na roƙe ta ta bar ni in wanke guda ɗaya, ba sai ta biya ba. Ta ce in zaɓa.

Na zaɓi ta tsakiya a saman bene, wadda ke kallon majalisar da maigidan ke zama da abokansa a tsallaken titi. Na goge ta ciki da waje, na kama hanyata.

Da la'asar, in ji masu ba ni labari, wani a majalisar ya jajanta wa Alhaji cewa an cire masa gilashi. Sai da ya hau da kansa ya taɓa. Da ya dawo ya ɗaga kai, sauran tagogin sun zama kamar na gidan da aka yi ƙaura. Washegari Hajiya ta aiko. Na ce ina da aiki sai jibi, alhali wankin kayan 'yata kawai ke gabana. Haka na bi unguwar, kowane gida taga ɗaya kyauta, kullum ta tsakiya.

Bayan girbi yayan mijina ya kawo wa wannan Alhajin shinkafa, da niyyar ya wuce ya ɗauki yarinyar. Ya tarar da ni a kan tsani, na ɗaure mayafi a ƙugu. Ya tsaya a ƙasa yana cewa in sauko, wannan ba sana'ar mace ba ce, yanzu ma ya ƙara samun hujja.

Na ce, “To Yaya, riƙe mini tsanin, yana rawa.”

Ba ya rawa. Amma ba namijin da zai bar matar ƙaninsa ta faɗo a gaban majalisa. Ya riƙe. Ni kuwa na tuna akwai kusurwar da ban goge ba, sai wata kusurwar, har na gama tagar tsaf.

Wani dattijo ya ɗaga murya daga tsallake. “Malam, kai ne sabon yaron nata? Ka ce mata gobe gidana.”

Wani ya ce a'a, shi ya riga shi. Suka yi ta gardama a kan layi, yayan mijina yana riƙe da tsani yana ji.

Da na sauko bai kalle ni ba. Ya tada babur, ya ce yarinyar ta zauna tukuna tunda ta fara makaranta, ya kuma ce in nemi tsanin kirki, wannan zai kashe ni.