Modar Gwaggo a Gangare

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da 'yata ƙarama, za mu Jos ta'aziyyar mijin gwaggona. Amai da gudawa ne ajalinsa, kuma an ce ciwon bai bar unguwar ba. Ban so tafiya da yarinyar ba, amma babu wanda zan bar wa ita.

Motar Fijo da muka shiga ta cika maƙil, maza na ta gardamar zaɓen da soja suka ce za a yi. Ni hankalina yana kan gorar ruwan da na tafasa tun daga gida. A Saminaka masu fura da dafaffiyar masara suka yanyame motar. Yarinya ta miƙa hannu, na janye shi. Wata fasinja ta ce, "Kai, wannan uwa akwai rowa!" Na ba yarinya ruwan gora.

Muna fara hawan duwatsu sanyi ya yi mana sallama. Jos gari ne mai kyau, ga dankalin Turawa da kabeji tuli a bakin titi, arha kamar kyauta. Amma da muka kutsa lungunan unguwar Gangare gabana ya faɗi. Ruwan sama ya cika kwata ta tumbatsa, tana malala ta gefen rijiyar gidan Gwaggo, ga masai dab da ita. Ashe duba-gari ya riga ya zo ya ce kada a sha sai an tafasa. Gwaggo ta ce mijinta ne ya haƙa rijiyar tun zamanin haƙar kuza, ba za ta cuce ta ba.

Bayan mun gaisa mun yi kuka, Gwaggo ta tashi da kanta ta ɗebo mana ruwan randa a moda. Kowa ya san baƙo ba ya mayar da ruwan maraba, balle daga hannun mai takaba. Ruwan gorarmu ya ƙare tun a hanya, yarinya na jin ƙishi. Yarinyar ta kai modar baki kenan, na riƙe ta.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ba za ta sha ba."



"Ni da na goya ki," in ji ta, "yau ruwana ne ƙazanta?"

 Na fita madafi na hura wuta don in tafasa ruwa, matan gida na kallona.

Washegari da za mu tafi, Gwaggo ba ta rako mu ko ƙofar ɗaki ba. A hanya, duk sanda yarinya ta dafa ciki sai numfashina ya tsaya, domin ban tabbata leɓenta bai taɓa ruwan ba. Mun iso gida, na yi kwanaki ina gadinta. Alhamdu lillahi, ko ciwon kai ba ta yi ba.

Abin da na koyo shi ne, wannan ciwo ba sai ta hannun maƙiyi yake zuwa ba, har mai ƙaunarka kan miƙo maka shi. Jiya wani direba ya kawo saƙo: jikar Gwaggo ta kwanta asibiti amma ta tashi, yanzu a gidan sai an tafasa ruwa ake sha. Gwaggo ta ce a gaida yarinya. Ni ba ta ambace ni ba.