Ƙaiƙayin Audugar Kaka

A gidanmu na Dar Salam, can bayan Omdurman, tatsuniya ba kyauta ba ce. Bayan sallar isha Kaka Hawwa takan zauna gefen murhun gawayi, ta sassauta zane ta juyo mana da baya. In muna sosa mata tana ba da labari, in hannu ya tsaya baki ma ya tsaya. Ni da ƙannena biyu har faɗa muke kan layi.

Da rana lafiya lau take yini, dare na yi jikinta zai ɗauki ƙaiƙayi. Shekara talatin ta yi tana tsintar auduga a Jazira, kuma duk wanda ya yi wannan aikin ya san ƙaiƙayin gona. Don haka kowa ya ce ƙurar auduga ce ba ta gama fita ba. Inna ta riƙa yi mata wanka da ruwan ɗumi, ta shafa mata man riɗi, ta yanke mata farce. Takan ɗan samu sauƙi.

Akwai labarin da ta fi maimaitawa, na wata mai tsintar auduga da ta haɗiye ƙwayar iri, irin ya tsiro a cikinta. Duk gari aka taru ana sosa ta, da tsintsiya, da totuwar masara, ba sauƙi. Sai wata yarinya ta ajiye tsintsiyar ta tambaye ta abin da take ji a ciki. Nan take matar ta yi tari, reshen auduga ya fito.

“Kun ji, ya 'yan jikokina?” Kaka takan ce. “Tambaya kawai ta yi.”

Mu kuwa dariyar reshen muke yi, mu ce ta ƙaro wani.

Sai da ƙafafunta suka kumbura Baba ya kai ta asibiti a Khartum. Likita ya ce ƙoda ce, ta daɗe da lalacewa, ƙaiƙayin ma daga nan yake. Ba ta kai azumi ba.

Na girma kafin na gane. Kaka ba mai kai kuka ba ce, kunyar ɗanta take ji, ba za ta buɗe baki ta ce a kai ta asibiti ba. Sai ta sa maganar a bakin tatsuniya, ta yi ta jira. Abin yana ci mini rai har yau. Mu biyar ne a gidan nan ban da ita, duk mun sosa mata baya, kuma babu wanda ya tambaye ta.