Mai Riƙon Lamba Biyu

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin kamfanin nan na unguwar Cordón, a Montevideo, ya san teburin Nélida Barreiro: na jikin taga, mai tsohuwar wayar tarho da ƙoƙon shan mate, shayin ganyen ƙasar, da ya yi baƙi don tsufa. Manhaja ɗaya kamfanin ke sayarwa, wadda ke haɗa sikelin auna madara na makiyaya da kwamfutar masana'antar cuku. Nélida ce mai riƙon siga ta biyu. Tun 'yarta na firamare Nélida ta karɓi sigar, har yarinyar ta girma ta tafi Sifen neman aiki, uwar na nan kan biyunta.

Sabon ma'aikaci bai isa ya taɓa komai ba sai ya sha karatunta.

"Kowace siga lamba uku ce a jere, ku buɗe kunne. Ta ƙarshe faci ce, ka ɗinke inda ya yage. Ta tsakiya, ka ƙara ɗaki ba ka taɓa na da ba. Ta farko kuwa, sanarwa ce: malam, kwashe kayanka, za mu rushe gida. Wanda ya rushe gida ya rubuta faci, maƙaryaci ne, ko da ɗana ne."

Cikin waɗanda suka sha karatun har da Facundo, wanda yanzu shi ne shugabanta. An fitar da ta uku, an fitar da ta huɗu, wa'adin kula da ta biyu ya cika har ya wuce. Facundo dai ya kasa haɗa ido da ita, sai ya ce, "Inna Nélida, muddin akwai mutum ɗaya a kan biyu, teburinki na nan." Kowa ya gane sauran maganar.

Mutane suka yi ta ƙaura zuwa sababbin sigogin, har ya rage saura ɗaya: Don Aparicio, tsoho mai kula da sikelin wata ƙungiyar makiyaya kusa da Sarandí Grande. Shi da Nélida ba su taɓa ganin juna ba, amma kullum yana gama tatsa sai wayar ta yi ƙara.

"Doña, abin naki ya sake tsayawa!"

"Ka duba igiyar na'urar, ko kyanwar ta sake kwanciya a kai?"

"Kyanwata ta fi manhajarki hankali."

Daga nan sai labarin saniya mai ɗingishi, da ruwan da ya ƙi zuwa. Ita da gidanta ba kowa sai rediyo, wayar nan ce ke buɗe mata rana, ko da ba za ta yarda ta faɗa ba.

Sai masana'antar cuku ta sanar za ta canza tsarinta da shigowar bazara. Nélida ta duba sama ta duba ƙasa. Gyaran zai yiwu, amma sai an tumɓuke gindin manhajar, kuma tsofaffin awon da tsohon ke dubawa za su daina buɗuwa. Ita ta san sunan wannan aikin, ba faci ba ne.

Facundo ya jawo kujera, ya rage murya. "Ki yi gyaran, ki ɗaga lambar ƙarshe kawai. Ni ban gani ba. Wa zai sani?"

"Don Aparicio zai sani, ranar da ya nemi awon bara ya tarar babu. Faci zai gani a rubuce, ya danna da zuciya ɗaya." Ta miƙa masa mate. "Sha, ka daina ba ni kunya."

Ba don ba ta ji tsoro ba. Ta ji, har abinci ya fita ranta. Mace ta doshi sittin, wa zai ɗauke ta a sana'ar da ake yi wa ɗan arba'in kallon kaka? Shi kansa Don Aparicio da ya ji labari cewa ya yi, "Ba inda za ni! Su kore ki don na koma huɗu? Sai dai madarar ta lalace."

"Ba madararka ba ce kai kaɗai, tsoho mai taurin kai. Gobe ina tafe."

Ta hau bas ta je. Ashe gajere ne, muryar ce kawai babba. Ta kwashe masa awon shekaru kaf ta mayar cikin ta huɗu, ta sa shi ya maimaita komai a gabanta har ya iya. Ana yayyafi, matarsa ta soya musu torta frita, wani irin fanke na fulawa. Kyanwar ma ta zo ta kwanta kan igiyar, ba abin da ya tsaya.

Da ta dawo, allon da ke nuna masu amfani da ta biyu ya nuna sifili. A al'adar kamfanin, mai riƙo ne ke rubuta sanarwar rufewa da hannunsa. Ta rubuta, ta wanke ƙoƙonta, ta sa a jaka. Facundo ya tsaya bakin ƙofa idonsa jajir, ta shafa kansa ta wuce.

Washegari ta farka a lokacin da ta saba, ta yi shiri har da takalmi kafin ta tuna. Tana zaune bakin gado wayar hannunta ta yi ƙara.

"Doña, tun asuba nake neman abin da ya lalace." Muryar ta yi ƙasa. "Na cire igiya na mayar, na kashe na kunna. Shegiyar aiki take yi."

Nélida ta tuɓe takalmin. Ta ɗora ruwan mate a wuta.

"To, bar ta ta yi aikinta," in ji ta. "Ya ƙafar saniyar?"