Kiri-kirin Aisatu

A Nasarawa Burkullu, macen da ke son a kira ta mai tsabta sai ta share tsakar gidanta har ƙasa ta yi sumul, ko tsinke kada ya kwana. Gidan da ciyawa ta fito a cikinsa kuwa, kango ake ce masa. Aisatu matar Makau ta san haka sarai. Shekara ashirin da shida tana shara safe da yamma kafin ranar da ta je bakin fadama ta ciko kwando da kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo da manoma suka tsana, ta shigo da shi gida a kanta.

Dalilin kuwa shi ne, a kakar 1998, ana tsakiyar yankan gero, ɓarin jikin Makau na dama ya shanye. Ya kwana goma sha tara a asibiti a Gummi, aka sallamo shi da gargaɗi guda: ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta mutu ɗungurungum. Ya gwada. Amma tsakar gidan daɓe ce mai tauri kamar dutse. Faɗuwar farko ya fasa goshi, ta biyu ya gurɗe hannun da ya rage masa. Bayan ta uku ya koma kan tabarma, ya ce ya haƙura, abin da Allah ya karɓa ba a ƙwato shi da ƙarfi.

Aisatu kuwa ta tuna lokacin da take yarinya tana kiwon awaki a fadama, yadda suke kokawa a kan kiri-kiri, a kayar da mutum ya tashi yana dariya. Da ruwan farko na 1999 ya sauka, ta fasa daɓen da kanta, taku goma sha biyu a tsaye, biyar a kwance, daga ƙofar ɗakin Makau zuwa gindin rumbu. Ta zuba kashin tumaki, ta dasa.

Gari ya ɗauka. Mata a bakin rijiya suka ce jinya ta taɓa mata kai: maza na can gona suna yaƙi da kiri-kiri, ita kuma ta ba shi masauki. Da maganar ta iso kunnenta, ta ce a gaya musu baƙonta ne, kuma ba a tukunyar kowa yake ci ba.

Da damina aikin aski ne. Duk ranar Laraba da Asabar takan durƙusa da lauje ta rage masa tsawo, kada ya wuce yatsa uku, domin maciji da sauro ba sa zama inda babu maɓoya. Da kaka ta daina askin, ta barbaɗa masa taki. Da rani ya kama sai aikin ya koma na ruwa. Ruwan alwala, ruwan ɗauraya, ruwan wankin shinkafa, babu wanda ya sake zuba a kwata, in ban da mai sabulu. Da gara ta taso masa ta ƙasa, ta bi ta da toka. A kan wannan shimfiɗa Makau ya sake miƙewa. Yakan faɗi, ya yi tsaki, ya tashi. Zuwa bazarar 2000 yana yin taku bakwai babu mai riƙe shi.

A cikin wannan bazara ne aka turo sabuwar duba-gari mai shiga gidajen mata, wata budurwa mai suna Husaina, 'yar birni, da littafinta a hannu. Ta leƙa randa, ta leƙa makewayi, ba ta sami abin faɗa ba. Sai ta tsaya a kan kiri-kirin, wanda zafi ya sa ya yi ja, tsakiyarsa ta kwanta saboda taku. Ta ce doka ta hana ciyawa a cikin gida.

Aisatu ta yi mata bayanin ƙafar Makau. Ta ce ciyawa ita ce wadda ta fito babu gayyata, wannan kuwa shuka ce, da hannu aka dasa ta. Husaina ta ce ita ba a turo ta tantance wanda aka gayyata ba. Kwana uku ta bayar, in an wuce sai sammaci. Makau daga bakin ƙofa ya ce a yi abin da hukuma ta ce, ba zai yarda a tsayar da matarsa gaban alƙali saboda haki ba.

"Ɗiyata, karanta mini takardar taki," in ji Aisatu. "Sarewa anka ce, ko tumɓukewa?"

Husaina ta duba. "A sare, Inna. Ai duk ɗaya ne."

"Tunda ke kika yi karatu."

Ba ta jira kwana ukun ba. Nan take ta ɗauko fartanya, ta hau sara a gaban yarinyar. Ta sare shi gutsi-gutsi, kowane guntu da gaɓarsa, ta watsa har bakin zaure, ta fasa sauran daɓen ta tura ƙasa a kai, wai don kada gida ya yi datti. Husaina ta yaba, ta rubuta an sare, ta tafi. Da ta taɓa riƙe fartanya ko sau ɗaya, da ta san manomi ba ya saran kiri-kiri. Tone saiwarsa ake yi a ƙone, domin kowace gaɓa da aka bari a ƙasa sabuwar uwa ce.

Duk da haka abin bai zo da sauƙi ba. Ruwa ya yi jinkiri. Kwana arba'in da ɗaya babu inda Makau zai taka sai ƙasa mai hoge, ƙafar ta fara sandarewa, taku bakwai ya koma uku. Aisatu ta riƙa rataya hannunsa a kafaɗarta tana jan sa, yana faɗa tana faɗa. Ta ƙara guga shida a kan ɗibar ruwanta na kullum, tana yayyafa wa wurin da kowa ke gani ƙasa ce zalla.

Ruwa ya sauka a farkon watan Yuni. Kafin mako uku, kore ya rufe tsakar gidan tun daga ɗaki har zaure, taku ashirin da ɗaya.

Husaina ta dawo a watan Agusta. Ta yi sallama, ta sa ƙafa, ta tsaya cak.

"Yadda kika ce haka na yi," in ji Aisatu, tana wasa laujenta. "In kina so mu ƙara sarewa, ga fartanya nan. Sai dai wannan karon har ƙofar maigari zai kai."

Ana cikin haka, Makau ya fito daga ɗaki. Ya taho a hankali, yana jan ƙafar dama, babu sanda. Sau ɗaya ya yi tangaɗi, Aisatu ba ta motsa ba. Ya iso har inda Husaina take, ya yi mata sannu da zuwa, ya ce ta ɗan matsa, masallaci zai je.

A littafin duba-gari na wannan shekara, a layin gidan Makau, an soke kalmar ciyawa da jan biro, an rubuta shuka a samanta. Aisatu kuwa ta durƙusa ta ci gaba da aski, domin ranar Laraba ce.