Lorna Pascoe da Tekun da Hayaƙi Ya Rufe

Da safe, kafin zafi ya taso daga bakin teku, Lorna Pascoe kan buɗe tagar ɗakin da ke bayan kulob ɗin tsoffin sojoji, ta kurkure baki da ruwa zalla, ta zauna. Ba ta shan shayi sai ta tashi aiki, don da yawunta take wanke tsoffin hotunan da aka zana da fenti. Takan naɗa auduga a tsinke, ta jiƙa a harshe, ta mirgina a kan fenti a hankali. Abin da sabulu zai cinye, yawu lallaɓa shi yake yi. A wannan watan ta ajiye aiki, jaridar garin nan kuma ba ta ba ta ko layi ɗaya ba. Tseren dawaki ya cinye shafin.

Zanukan aikin masu zanen soja ne na yaƙin duniya na biyu, mutanen da aka tura da buroshi inda aka tura wasu da bindiga: jiragen ruwa na ci da wuta, kwale-kwalen ƙarfe na zubar da samari a gaɓar New Guinea. Zanukan sun daɗe a bangon mashayar kulob ɗin, har hayaƙin taba ya mai da kowane teku ruwan zuma. A ƙarƙashin audugarta sai ka ga ruwa na farkawa, toka-toka, mai sanyi, kamar mafarkin da aka manta ya dawo da rana tsaka.

Ƙa'idarta ɗaya ce: daga sama take farawa ta sauko, don launi ya tafi bai ɗaya. Ba ta taɓa karya ta ba sai saboda tsoho Wal Hennessy. Wal ya sauka a waccan gaɓar tare da ƙanensa Clarrie, ya dawo shi kaɗai. Ya rantse Clarrie na cikin babban zanen, can ƙasa a kusurwar hagu, inda hayaƙi ya fi kauri. Ga idanunsa na mutuwa, likita ya ce ba za su kai damina ba. Lorna kuwa tana can saman zanen, cikin gizagizai.

"Yarinya," in ji shi, ita da furfurarta, "ko Ubangiji bai daɗe haka a kan sararin sama ba."

"Nasa ba wanda ya busa wa taba, Baba Wal. Matsa, ka tare mini haske."

"Sama na gani ya ishe ni. Ƙasa nake so."

Ta san in ta tsallaka, iyakar wurin za ta bar tabo, abokan sana'arta su ce hannunta ya lalace. Duk da haka ta sauke kujerarta ƙasa. Mu 'yan kulob ɗin muna nan ranar da kusurwar ta buɗe: wani saurayi, ruwa iya ƙugu, ya juya baya.

"Ba fuska," in ji Lorna. "Yi haƙuri."

Wal ya matso har hancinsa ya kusa taɓa fenti.

"Fuskar me? Dubi kunnuwan nan, kamar an bar ƙofofin mota a buɗe. Duk bataliya ba mai irinsu." Ya daɗe a tsaye. "Kai, Clarrie, ɗaga bindigar, sakarai, za ta jiƙe."

Damina ba ta same shi da ido ba.

Ke ce mai hannun sanyi, Lorna. Ke ce kika zaɓi tabo a aikinki don wani ya ga ƙanensa. Na san darajar haka, domin matata ta cika tana jiran layi a asibitin da kowa ya bi ƙa'ida, ba wanda ya yi kuskure ko ɗaya.

Mun gode. Ku kuma masu riƙe da layi a ofisoshi da ɗakunan jira, ku yi koyi da ita: ku ɗaga kai ku duba, ku fara da wanda ba zai iya jira ba.